Kalmar da Na Koya a Barandar Tatta

Tun da na zo garin nan wajen 'yata ta fari nake ce mata ta kai ni Sentul, tana cewa sai ta sami sarari a wurin aiki. Da ranar ta zo muka taso daga unguwarsu Bukit Jalil a jirgin ƙasan nan da ke bi ta kan gada a sama, muka sauka, na tsaya a bakin tasha ina dube-dube kamar wadda ba ta taɓa taka ƙasar ba. Shekara huɗu na yi a unguwar nan ina da ƙuruciya, amma ko bishiya ɗaya ban gane ba. Inda na san layin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, masu rufin jan tayil da ƙananan barandoji, yanzu dogayen benaye ne masu gilashi, kowanne da maigadi a ƙofa. Na ce mata ga inda nake zaton gidanmu yake, sai ta nuna mini wurin ajiye motoci. Na yi dariya don kada ta ga abin ya taɓa ni.

Mun zo ne lokacin da gwamnati ta turo maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ƙaro karatun shari'a. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, yarinyar tana goye a bayana. A wancan lokacin ba agogo ke tashin mutum a Sentul ba. Kiran sallah zai fara daga ƙaramin masallacin bayan layi, kafin gari ya waye sosai ƙararrawar ɗakin ibadar Indiyawa ta ɗauka, sannan jiniyar ma'aikatar gyaran jirage ta busa, ka ji kekuna da babura suna wucewa a jere. Da hantsi mai burodi zai zo a babur, ya rataye kaya har ba a ganinsa, yana matsa wani ɗan ƙaho. Wanki da hannu nake yi a bakin famfo, in shanya, in yi ta kallon sama, domin ruwan garin nan ba ya sallama: kana ganin rana, kafin ka ɗaura zani ya kece. Tuwo na shinkafa nake tuƙawa, kuka da daddawa kuwa sai wani ɗalibi ya dawo daga gida, ina tattalinsu kamar turare. Da farko ina rufe tagogi in zan sa daddawa don kada warin ya dami makwabta, har ranar da na ji warin abin da su suke soyawa, daga nan na bar tagogina a buɗe. Yanzu a gidan 'yata inji ke wanki, abinci kuma a waya ake kira a kawo shi har ƙofa, kuma wata biyu na yi ban san fuskar wanda ke bayan bangonmu ba.

Mu kuwa makwabtanmu na jikin bango wasu tsofaffi ne Indiyawa Kiristoci, mata da miji, 'ya'yansu duk sun watse. Yaran layi suna kiran mijin Tatta, wato kaka namiji a yarensu, matar kuma Pati. Bakina ya kasa, ya mayar da ita Fati, ita kuma ta amsa. Tatta tsohon malamin makaranta ne, ya haura tamanin, siriri, kullum da farin zani a ƙugu da farar singileti, yana zaune a kujerar kaba da jarida. Fati ce ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon miya, ita ta koya mini kankare kwakwa, ita ta kai ni kasuwar Masjid India na sayi yadi, ita ta riƙe mini hannu ranar da naƙudar ɗana na biyu ta taso maigida yana makaranta. Da Turancin sakandare na, da nata mai haɗe da Malayanci, muke hira har mu manta da tukunya a wuta.

A wajenmu mace ba ta nuna wa ɗan fari so, ba ta ma kama sunansa. Da a gida muke, da an yaye ta kakarta za ta ɗauke ta. A nan babu kaka babu goggo, ni ce komai, kuma ban san yadda ake haɗa kunya da reno ba. Yarinya ce mai surutu, tana waƙa da Hausa da Malayanci da abin da ta tsinta a bakin Fati. Sai da ta kai shekara huɗu na lura sosai cewa bahaguwa ce. Cokali da hagu, kofi da hagu, in ta sami fensir ma da hagu. Ban ɗauki abin da zafi ba sai da muka aika hotuna gida. A lokacin kaset ake yi wa juna, kowa ya zauna gaban rakoda ya yi gaisuwarsa. Kaset ɗin da ya dawo, bayan gaishe-gaishe, sai muryar Hajiya surukata: ta ga jikarta riƙe da kofi a hagu, wannan wane irin reno ne, 'ya mace ce, gidan wani za ta je, wa zai karɓi abinci daga hannunta. Ta rufe da cewa ba ta ga laifina ba, yarinya ce ni ma, babu babba a kusa. Wannan ƙarshen ya fi komai yi mini ciwo.

Na fara da faɗa, na koma bugun bayan hannu da cokali. Da abin ya ƙi, sai na tuna yadda na ga ana yi a unguwarmu: na ɗauki wani tsohon ɗankwalina, in za ta ci abinci ko za ta yi zane in ɗaure hannun hagun a jikinta. Da rana nake yi, babanta yana ɗakin karatu tun safe har magariba, ban ɓoye masa da gangan ba amma ban faɗa masa ba. A raina gyara nake yi, kuma don ina sonta nake yi. Bayan 'yan makonni waƙar ta ɗauke. Sai magana ta fara sarƙe mata, in za ta ce Umma sai ta tsaya a kan harafin farko tana kokawa da shi. Na ce ƙiriniya ce, za ta bari.

A daidai wannan lokacin nake buga wa maigida kundinsa a tafireta, domin na koyi bugu kafin aure. Rubutunsa a kan tilas ne, wato idan aka tursasa mutum ya sa hannu a yarjejeniya, me shari'ar Musulunci ta ce, me dokar Rumawa ta ce. Kalmomin Larabcin na san su, amma akwai wasu da yake ja wa layi a ƙasa, na Latin, kuma rubutunsa kamar tafiyar tururuwa. In na tambaye shi sai ya ce, "Ki dai buga yadda kika gani." Fati ce ta ce in kai wa tsohon nata Tatta, ai shekara talatin da wani abu ya yi yana koyar da wannan mataccen yare, zai ji daɗi a ce wani ya tambaye shi. Haka na saba, da la'asar in ɗauki takardu da jariri in zauna a barandarsu, Fati tana tsince shinkafa, shi yana gyara mini.

Ranar farko na nuna masa wata gajeriyar kalma mai harafi uku, vis, na ce, "Tatta, mece ce bis?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "'Yata, abin da kika faɗa ma kalma ce, amma ma'anarta sau biyu." Na ji kunya, na ce harshenmu ba shi da wannan harafin. Ya ce kada in damu, su ma Rumawan farko ba haka suke faɗa ba, wis suke cewa, limaman cocin da ke makarantarsu ne suka koya musu da leɓe a kan haƙori. Na ce wis, ya tafa hannu ya ce na fi shi zama Barumiya. Ya ce ma'anarta ƙarfi. Ƙarfin damtse, ƙarfin da ke cikin ganyen magani, ƙarfin sarki, har ma'anar kalma suna ce mata haka, wai ƙarfin da kalmar take ɗauke da shi. A kotu kuma ita ce ƙarfin da ake sa wa mutum don ya yi abin da bai so. Na ce to kalmar kirki ce ko ta banza? Ya ce ita kanta ba ta da laifi, sai an ga hannun da ta faɗa.

Wata la'asar na tafi da yarinyar. Tatta ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan allon dutse na tsofaffin ɗalibansa da alli, ya miƙa mata ya ce ta zana masa jirgi. Ta kalli allon, ta kalle ni, sai ta mayar da hannayenta biyu baya ta haɗe su. Ya lallashe ta, ta buɗe baki za ta yi magana, maganar ta ƙi fita, hawaye suka zubo. Ya jawo ta a hankali ya kama hannun hagun, ya juya shi, ya ga shatin ɗaurin a tsintsiyar hannu. Ya ce wa Fati ta ba ta alewa, ya koma kan takarduna.

Kwana biyu bayan haka na kawo wani shafi mai doguwar kalma, violentia. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe bai mayar ba. Ya ce wannan 'yar waccan ce, daga zuriyar vis ta fito. Ya tambaye ni me za mu ce mata da yarenmu. Na san 'yar uwarta ta Turanci, don haka na ce mugunta, na fassara masa. Ya girgiza kai. Ya ce Rumawa suna amfani da ita ga mutum mai zafin rai, amma suna faɗarta ga iska ma, da zafin rana, da ruwan kogi in ya cika, har da giya in ta hau kan mutum. "Iskar da ta kayar da bishiyar mangwaron can bara," in ji shi, "mugunta ta yi?" Na ce a'a. Ya ce, "Ba ta ƙi bishiyar ba. Ba ta ma san da ita ba. Ƙarfi ne kawai da bai san inda zai tsaya ba, ya sami abin da bai kai shi ba." Na yi tunani na ce to mu sai mu ce fin ƙarfi. Ya sa na maimaita, ya rubuta a gefen jaridarsa, ya ce tamu ta fi tasu fitowa fili. Ya ƙara da cewa akwai wata 'yar uwarsu, violare, ita kuma ta keta abin da bai kamata a taɓa ba ce, kamar ɗakin ibada ko alkawari.

Sannan ya miƙo mini hannunsa na hagu. Na sha ganin hannun ban lura ba: yatsu biyu a karkace suke, ba sa miƙewa. Ya ce shi ma bahago aka haife shi. Malamin da ya koya masa Latin, mutumin kirki ne, ya saya masa takalma, ya biya masa jarrabawa, shi ne kuma ya yi masa wannan da gefen rula, kullum, shekara biyu. Ya ce har ya gama makaranta ba ya iya faɗin sunansa a gaban aji. "Abin da ya fi ba ni kunya," in ji shi, "da na zama malami ni ma na ɗauki rula. Ina son yaran nan, Allah ya sani. Sai da na tsufa na gane son da nake musu bai rage musu zafin ko kaɗan ba." Sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, hannun nan ƙarami ne."

Raina ya ɓaci. Na tattara takarduna na ce masa a addininmu da dama ake ci, shi ba zai gane ba. Fati ta ɗago kai daga farantin shinkafa ta ce, "Mu da wane hannu kika ga muna ci?" Na saɓi jariri na shige gida. Kwana uku ban leƙa barandarsu ba, in na ji motsin Fati a bakin famfo sai in fasa fita. Ina ta raya wa kaina cewa ni ba iska ba ce, ni uwa ce, na san abin da nake yi.

A rana ta huɗu na zuba abincin rana, na juya zan ɗauko ruwa. Da na waiwayo sai na ga yarinyar tsaye a bayana. Ta je ta ɗauko ɗankwalin da kanta daga inda nake rataye shi, ta miƙo mini shi da dama, ta miƙo hagun kuma a dunƙule. Ta daɗe tana kokawa da bakinta kafin ta ce, "U-u-umma, ɗaure." Ba kuka take yi ba. Fuskarta a sake take, irin ta yaron da ya yi abin kirki yana jiran a yaba masa. Na zauna a ƙasa. Na karɓi ɗankwalin na tura shi ƙarƙashin tabarma, na ɗora ta a cinyata, abin da rabona da yi tun tana shan nono, na yi ta ba ta abincin a baki har ta ƙoshi.

Da maigida ya dawo bayan magariba na faɗa masa komai. Ya zauna a bakin gado da jakarsa a hannu, ya kira ta ya duba hannun. Ya ce shi wata takwas yana rubutu a kan tilas, ga shi a cikin gidansa bai sani ba. Ya ce an umarce mu mu ci da dama, gaskiya ne, a koya mata, amma bai taɓa karanta inda aka ce a ɗaure yaro ba, rubutu kuwa ta yi da hannun da Allah ya sauƙaƙa mata. Na ce Hajiya fa? Ya ce kaset na gaba shi zai fara magana.

Washegari na yi ƙosai na kai makwabta, ban san me zan ce ba. Tatta ya karɓa ya ce ya ji ƙamshi tun ɗazu yana addu'a kada a manta da shi, maganar ta wuce a haka. Fati ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan awarwaro ja na gilashi, na 'yarta tun tana ƙarama, ta sa wa yarinyar a hannun dama. Ta ce mata wannan hannun mai awarwaro shi ne mai makan, wato cin abinci da Malayanci, shi ke zuwa baki, ɗayan kuma aikinsa riƙe kofi da zana jirgi. Abin da na yi wata biyu ina yaƙi a kai, tsohuwar nan ta gama shi cikin mako guda da wasa. In'inar ce ba ta tafi da wuri ba. Tatta yakan zaunar da ita ya sa ta rera masa kalmomin Latin kamar waƙa, domin ya ce mai in'ina ba ya sarƙewa in yana rerawa. Har muka bar garin tana jero su, ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Bayan mun koma gida da shekara biyu wasiƙar Fati ta zo cewa ya rasu, daga baya wasiƙun ma suka daina zuwa.

Yau 'yar tawa likitar haƙori ce, tana koyarwa a wata jami'a a nan, da hagun take riƙe ƙarafanta. In ta gaji ko ranta ya ɓaci har yanzu maganar takan tsaya mata kaɗan, wanda bai sani ba ba zai lura ba. Ni kuwa ina lura kowane lokaci. Ba mu taɓa yin zancen ba.

Da muka gaji da zagaye a Sentul muka shiga wani mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, ta sa aka kawo mana shayi. Na yi ta juya kofin. Can na ce, ba tare da na kalle ta ba, "Kin tuna wani abu da nake yi miki a gidan nan?" Na yi fatan ta ce a'a.

Ta ce, "Kore ne, Umma, mai fararen furanni."

Ta ce a lokacin ta ɗauka hannun ne ba shi da lafiya, ni kuma magani nake yi mata, shi ya sa take kawo mini in na manta. Sai da ta shiga jami'a ta karanta wani abu a kan yara masu in'ina ta haɗa zancen. Ta ce ta yi kusan shekara tana fushi da ni, tana zuwa hutu tana gaishe ni tana yi mini wanke-wanke da fushin a cikinta, ni ban sani ba. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Ta ina zan fara? Ke da ko kallona ba kya yi sosai a gaban mutane." Ta yi murmushi. Ta ce ranar da ta haifi nata na fari a garin nan, ita kaɗai, babu kowa nata a kusa, ta lissafa shekaruna na wancan lokacin ta ga ta girme ni da shida, daga ranar fushin ya tafi.

Na ce, "Duk da haka ki yafe mini. Ina so in ji da kunnena."

Ta ajiye kofinta. Maganar ta tsaya mata, na ga leɓenta yana rawa kamar da, na riƙe kaina ban ƙarasa mata ba, na jira. Ta ce, "Na yafe, Umma. Duniya da lahira."

Mai kawo abinci ya zo zai kwashe kofuna, ya ga tsohuwa tana kuka da gefen mayafi, ya ja da baya. 'Yata ta ɗaga masa hannu ta ce ya ƙaro mana shayi biyu, ba yanzu za mu tashi ba.